Ɗan Uwa Ba Ya Tashi Ƙarfe Biyar

Mijina a karkace yake shiga ƙofa. Ko ta ɗakinmu ce, ko ta banɗaki, ko da hannunsa babu komai, sai ya tsaya ya dubi sama, ya dubi ƙasa, sannan ya juya kafaɗa ya shige ta gefe. Farkon aurenmu na ɗauka wani ciwo yake ɓoye mini. Ashe sana'a ce ta bi masa jiki. Mai yankan gilashi ne, shekara ashirin da tara yana ɗaukar gilashin taga da madubi a shago ɗaya, har jikinsa ya daina yarda cewa akwai lokacin da ba ya ɗauke da komai.

A layin shagonsu Sannu-Sannu ake ce masa, kuma wallahi wanda ya raɗa masa sunan nan bai zalunce shi ba. In na ce, "Malam, miƙo mini kofin can," kafin ya iso shayin ya huce. Amma je ka gan shi a bakin teburin aiki. Zai shimfiɗa gilashi a kan bargo, ya goge shi da tsumma, ya auna, ya sake aunawa, sannan ya ciro ɗan ƙarfen yankansa mai kamar biro daga aljihun gaba, inda yake naɗe cikin hankici. Ja ɗaya yake yi, ƙiiii, ya ƙwanƙwasa ta ƙasa, ya sa manyan yatsunsa biyu ya karya, ɓas. Bai taɓa fasa na mutane ba, bai kuma taɓa yankewar da ta wuce a tsotse yatsa a ci gaba da aiki ba. Ni kuwa a shekara ina fasa kofi ya fi biyar, kowanne kuma sai ya tsugunna ya tsince shi, yana duba bakin fashewar yana girgiza kai kamar an yi mana rasuwa.

Mai shagon kuma Yanzu-Yanzu ake ce masa. Tare suka koyi aiki wurin ubangida ɗaya tun suna samari. Shi ya riga samun jari ya buɗe shago, ya tako har gida ya kira Malam. Duk abin da ka nema wurinsa sai ya ce "yanzu-yanzu," yana tafiya yana sa takalmi, daga nan kuma sai ka gan shi jibi. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ranar da zan haifi ta fari shi ya kai mu asibiti a motar ɗaukar gilashi, ya ce yanzu-yanzu zai dawo ya ɗauke mu, ya manta da mu sai da aka tuna masa. Yaya nake ce masa, shi kuma har yau amaryarmu yake ce mini, ga ni da jikoki uku.

Maganarsa ɗaya ce tun ranar farko. Duk baƙon da ya shigo shago sai ya dafa kafaɗar Malam ya ce, "Wannan ba yarona ba ne, ɗan uwana ne." Malam in ya ji haka sai ya sunkuyar da kai yana murmushi, ranar ko abinci sai ya ƙara.

To bari in gaya muku abin da ɗan uwa yake nufi a shagon gilashi, tunda ni na zauna da shi. Ɗan uwa ne ke riƙe makulli, don haka shi ke buɗewa kafin kowa, shi ke rufewa bayan kowa. Ma'aikata huɗun da ke shagon suna da hutu, ɗan uwa ba shi da shi, don wa ya taɓa ɗaukar hutu daga 'yan uwantaka? In tagar surukar Yaya ta fashe ranar da ba aiki, ɗan uwa ake bugo wa waya. Albashinsa yana zuwa, ban ce ba ya zuwa ba, amma ba a kiransa albashi, sai dai a ce, "Ga wannan ka sa a aljihu." Na yi magana har bakina ya gaji. Kullum amsarsa, "Ke ba za ki gane ba, tsakaninmu ne."

Ana nan sai Yaya ya samu babbar kwangila, tagogi da ƙofofin wani sabon gini mai hawa huɗu. Masu ginin suka ce ba wanda zai taka musu wuri sai ya kawo takardar inshorar ma'aikatansa. Yaya ya yi ta gunaguni, ya ce shekara nawa suna aiki da kariyar Allah, amma da ya ga kwangila za ta kuɓuce sai ya kira kamfanin inshora.

Ranar Malam ya dawo da kalandar kamfanin a hammata, fuskarsa sai sheƙi take. Ya wanke hannu, ya zauna, ya ce, "Yau Yaya ya fitar da ni kunya."

Na ce, "Me ya yi?"

"Wata 'yar inshora ta zo da takarda, ta ce a rubuta sunayen ma'aikata. Ya rubuta huɗun nan. Ta nuna ni ta ce, shi wancan dattijon fa? Kin san me ya ce mata? Ya ce Allah ya kiyaye ya rubuta ɗan uwansa cikin yara." Ya ɗan dakata don in ji daɗi. "A gaban kowa fa."

Na ajiye ludayi. Na ce, "Malam, in gilashi ya yanke ka fa?"

"Ni? Shekara nawa?"

"In ya yanke ka, na ce."

"Ai Yaya yana nan."

"Yayan da ya manta da ni a asibiti?"

Ya ce tsohuwar magana ba ta wucewa a wurina. Ya tashi ya buga ƙusa ya rataye kalandar, sai da ya ja baya sau uku ya tabbatar ta miƙe. Ni kuwa raina ya ɓaci ƙwarai, kuma tsoro na ji. Hannun nan na dama shi ne abincinmu, shi ne makarantar autarmu. Duk shagon shi ke ɗaukar gilashi mafi girma, kuma duk shagon shi kaɗai ne ba a rubuta ba.

A ƙasan kalandar akwai adireshin kamfanin. Washegari, da ya fita, na yafa mayafi na nufi can.

Na sami 'yar inshorar a wani ɗan ofis, siririya mai tabarau, fanka na kaɗa mata takardu ta danne su da kofi. Ta ba ni kujera, ta saurare ni har na gama, ban da 'yar ashar ɗin da na haɗiye. Ta yi mini bayani dalla-dalla. Mai shago ne ke biyan kamfani duk shekara. In ma'aikacin da sunansa ke takarda ya ji ciwo a bakin aiki, kamfani zai ɗauki nauyin asibiti, ya kuma riƙa ba shi wani abu har ya warke. Wanda ba sunansa, sai dai a yi masa sannu.

Na ce, "To 'yata, ga sunansa, rubuta."

Ta ce, "Mama, da da hali da na rubuta tun jiya. Sai mai shago ya sa da hannunsa. Ni takardata gida biyu gare ta, na masu shago a sama, na ma'aikata a ƙasa. Babu gidan ɗan uwa. Duk mai aiki a wurin, in ba ma'aikaci ba ne, to ke nan da shi aka mallaki shagon."

Na ce, "Maimaita mini wannan ta ƙarshen."

Ta maimaita. Ta cire tabarau ta dube ni, na dube ta. Da zan fita har bakin ƙofa ta rako ni.

Na koma gida na sa atamfar da nake zuwa biki da ita, na sayi lemo kwali guda, na shiga shagon gilashi da rana tsaka, lokacin da kowa yake nan. Malam yana bakin tebur da tef ɗin awo a hannu. Yaya yana waya, da ya gan ni ya ce, "A'a, amaryarmu! Lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Yaya. Godiya na zo yi. Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci."

Ya washe baki. "Godiyar me kuma?"

"Ai na je wurin masu inshora, sun yi mini bayani. Sun ce tunda Malam ba ma'aikaci ba ne, to mai shago ne. Shekara ashirin da tara muna da rabin shago ba mu sani ba! Kai, Yaya, ka iya ɓoye alheri." Na juya ina duba wurin. "Ni dai ɓangaren madubin nan ya fi kwanta mini. Motar kuma sai a riƙa yi kwana bibbiyu. Allon da ke waje ma ina ganin akwai wuri a ƙasa, sunan Malam ba shi da tsawo."

Wayar na kunnensa, mutumin can yana ta "halo, halo," Yaya bai ji ba. Gumi ya keto masa. Ma'aikatan nan huɗu kowa ya juya baya don ya ɓoye dariya, sun manta shagon madubi ne, ina ganin haƙoran kowannensu ta wuri shida.

Yaya ya ce, "Amaryarmu, ai... wato... ba haka abin yake ba."

"To yaya yake? Gida biyu ne a takardar. In ba na sama ba, na ƙasa."

Ya dubi Malam, Malam ya dubi tef. Sai Yaya ya ce, "Yanzu-yanzu," ya shige ɗan ofishinsa. Tun da na san shi, ranar ce kaɗai yanzu-yanzunsa ta zama gaskiya. Ya jima a ciki yana rubutu, ya fito da takarda a ninke ya ba direba ya ce a kai kamfani.

Na dawo gida ina jin kaina a sama. Malam ya shigo da yamma, a karkace kamar kullum, ya wanke hannu. Na shirya wa faɗa, har na tanadi amsoshi. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Kin kyauta." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari ya ari agogon ɗanmu ya ɗaura. Ya isa shago takwas daidai, ya ajiye makulli a teburin Yaya ya ce, "Yallaɓai, ga makullinka." Biyar na bugawa ya naɗe ƙarfensa a hankici, ya sa takalmi, ya ce, "Yallaɓai, na tashi." Haka jibi, haka gata. In Yaya ya kawo abinci ya ce su ci tare kamar yadda suka saba, sai ya ce ai ma'aikata a baya suke ci, ya ɗauki kwanonsa ya koma cikin yara, su kuma duk su takura su kasa hira.

Kwana biyar Yaya ya zo har gida, ya tsaya a ƙofa hula a hannu. Ya ce, "Amaryarmu, don Allah ki yi masa magana. Yallaɓai yake ce mini! Jiya sai tara da rabi na buɗe shago, na manta makullin a wani wando. Ni ban ma san inda ake kunna fitilar baya ba."

Na ce, "Ai ma'aikaci ka rubuta, ma'aikaci ka samu."

Na faɗa da ƙarfin hali, amma ni ma ina ɗanɗana kuɗata. Mutumin da ban saba gani da rana ba, ga shi biyar da rabi yana tsakar gida. Ya sake liƙe duk tagogin gidan. Ya auna madubin ɗakina ya ce shekara ashirin a karkace yake. Ya tsaya a kaina ina wanke kofuna yana cewa, "Riƙe ta ƙasa." Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya dame ni, ya daina ɗan wannan gunjin waƙar da yake yi in yana goge takalmi, abinci kuma sai ya tsakura ya ture. Na fara jin tsoron ko na raba mutum biyu da suka fi shekara talatin tare, a kan takarda guda.

Sati uku ana haka. Ranar da abin ya faru, ma'aikatan huɗu duk suna can wurin gini, saura gilashin babbar ƙofa, wanda ya fi mutum tsawo, direba yana waje yana jira. Biyar ta buga. Malam ya naɗe ƙarfensa, ya sa takalmi, ya ce, "Yallaɓai, na tashi." Yaya ya buɗe baki zai ce taya ni, girman kai ya hana shi. Ya ce, "Sai da safe." Ya juya ya kama gilashin nan shi kaɗai zai zaro shi daga ma'ajiya, da saurin nan nasa.

Malam ya kai bakin ƙofa. Ta madubin da ke jingine a gefe ya hango gilashin ya rinjayi Yaya, yana tahowa saitin wuyansa. Mai shayin da ke tsallaken titi ya rantse mini da Allah, ya ce shekara goma sha yana wurin bai taɓa ganin Sannu-Sannu ya yi gudu ba sai ranar. Ya tare gilashin da hannun dama, ya ture Yaya da kafaɗa. Gilashin ya daki bakin tebur ya tarwatse, wani ɓangare ya sauka a bayan hannunsa ya datse jijiyar yatsu biyu.

Yaya ne ya kai shi asibiti, wannan karon kuma bai tafi ko'ina ba. Na same shi zaune a ƙasa a baranda, rigarsa duk jini, yana kuka kamar ƙaramin yaro yana cewa zai sayar da mota. Likita ya ce sai an yi tiyata a ɗinke jijiyoyin, kuma wata huɗu ba aiki. Na shiga na ga hannun a naɗe. Malam ya dube ni ya ce, "Gilashin nan mai kauri ne, an yi asara."

Kwana biyu bayan tiyata 'yar inshora ta zo da jakarta. Ta gaishe shi, ta zauna, ta fara tambaya tana rubutawa. Ta ce, "Baba, ƙarfe nawa abin ya faru?"

Ya ce, "Biyar da minti bakwai. Na riga na tashi daga aiki."

Inna lillahi! Na kai hannu ƙarƙashin bargo na mintsini ƙafarsa. Ya ce, "Me ya sa kike mintsinina? Na duba agogo." Mutum shekara ashirin da tara ba agogo, sai da ya tashi kashe mu ya ɗaura.

Biron 'yar inshora ya tsaya. Ta juya wurin Yaya ta ce, "Ƙarfe nawa yake tashi?"

Yaya ya miƙe tsaye. Ya ce, "'Yata, ki tambayi duk layinmu. Mutumin nan tun da na buɗe shago bai taɓa tashi ƙarfe biyar ba. Shi ke rufewa. Sati ukun nan fushi yake yi da ni, kuma ni na jawo. Wuyan nan da kike gani, da ba don shi ba da yanzu ba ya jikina."

Ta ce, "A cikin shago ne?"

"A ciki."

"Gilashin na aikin shago ne?"

"Na kwangila ne, direba ma yana waje."

Ta ce, "To a bakin aiki ne." Ta ci gaba da rubutu. Sai a lokacin na saki numfashi, na kuma saki ƙafar Malam.

Tana haɗa takardu sai Malam ya ce, a hankali, "'Yata, ko zan ga inda aka rubuta ni?"

Ta zaro takardar ta riƙe masa. Ni ma na leƙa. Sunayen huɗun nan suna jere, ɗaya zuwa huɗu, ga layi na biyar a ƙasa babu komai. Yaya bai iya sa shi a ƙarƙashin yara ba. Ya matse sunan a saman na ɗaya, da ƙananan baƙaƙe, a ɗan wurin da ba na rubutu ba. A gidan ranar fara aiki ya sa rana da wata da shekara, ranar da na ɗauka shi Malam kansa ya daɗe da mantawa. A gefe kuma, a karkace, ya rubuta: ɗan uwana ne.

'Yar inshora ta ce, "Na gaya masa babu gidan wannan. Ya ce in bar masa kayansa."

Malam ya karanta, ya sake karantawa, da saurinsa da kuka sani. Yaya yana kallon silin, ya ce, "Ranar Talata ce. Ana ruwa, ka zo da takalmanka a hannu."

Malam ya ɗago kai daga takardar. Sannan ya ce, "Laraba ce, Yaya."

"Talata!"

"Laraba. Talata ka ce yanzu-yanzu za ka zo ka ɗauke ni, ba ka zo ba."

Suka kaure da gardama har ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce a rage murya. Ni na fita baranda, na sa mayafi a fuska na yi kukana son raina.

Kamfani ya biya asibiti, ya kuma riƙe mu har wata huɗun suka cika, motar Yaya tana nan ba a sayar ba. Yatsun biyu sun dawo, sai dai ba sa lanƙwashewa har ƙarshe. Ranar da ya koma shago na bi shi, wai rakiya. Ya shimfiɗa ɗan ƙaramin gilashi a kan bargo, ya auna, ya sake aunawa, ya warware hankici. Ya ja, ƙiiii, ya karya. Gefe ɗaya ya ɗan karkace, abin da a da zai jefar, amma bai sake yanka wani ba. Da shi ya rufe kwafin takardar nan a firam, ya rataye a saman teburinsa. Yaya ya zo ya zura masa makulli a aljihu.

Yanzu ya koma dawowa bayan kowa, surukar Yaya ma ta sake fasa taga. Ran nan ina shan shayi na ce, "Malam, har yau fa ba ka gode mini ba."

Ya dubi hannunsa na dama, ya buɗe, ya rufe iya inda yake rufuwa. Sai ya miƙo shi ya karɓi kofin daga hannuna, ya riƙe shi ta ƙasa.

Ya ce, "Kawo in riƙe miki, kafin ki fasa."